Kwamfutocin Alhaji Sun Yi Ƙaura

Wani ne a unguwar New Bell ta birnin Duwala, irin mutanen nan da in ka aike su sayen gishiri sai su dawo maka da labarin mai gishirin. Daga Ngaoundéré ya gangaro Duwala wajen yayarsa Mariam, matar Alhaji Zainulabideen mai ofishin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Ba aikin da Alhaji bai gwada shi a kai ba. An sa shi rakiyar motar albasa, ya sauka raba faɗan da ba nasa ba, mota ta tafi ta bar shi. An sa shi karɓar baƙi, ya tsare babban jami'in kwastan a ƙofa wai sai ya cire takalmi. Alhaji ya gaji ya ce ya haɗa kayansa. Mariam ta yi ta kuka, ta daina sa nama a miya, har Alhaji ya sauko ya ce to, saura aiki guda: gadin kwamfutocin ofis.

"Amma ka ji da kyau," in ji Alhaji. "Ko ɗaya ta ɓace, a ranar zan ɗora ka a jirgin ƙasa, sai Ngaoundéré."

Ba abin da mutumin nan ke tsoro a duniya irin wannan jirgin. Ya riga ya aika gida cewa shi ne shugaban tsaro na kamfani, har da hoto, sanye da kwat ɗin aro, ya jingina da motar da bai san mai ita ba. Tsohuwarsa ta zaga da hoton gida-gida. A ce ya koma da jakar leda a ka, ai gara ƙasa ta tsage ya shige.

Don haka ya riƙi aikin da gaske. Ya samo sarƙa wajen masu gyaran bensikin, 'yan acaɓan Duwala ke nan, ya ɗaure kowane akwatin kwamfuta da ƙafar tebur. Kullum da safe sai ya bi su yana bubbuga bayansu kamar mai duba ragunan layya. Ya san mai tari, ya san mai gurnani, ya san wadda ke zafi har yana ɗora kofin shayinsa a kanta kada ya huce. Shi da su sun saba, hankalinsa kwance.

Ana nan damina ta yi damina, ruwa ya shigo ofis har idon sawu, wutar lantarki kuma ta ƙone mai tarin. Alhaji ya ce ya gaji da asara, ya kira wata injiniya daga unguwar Deïdo, sunanta Jannatu. Ta zo da mota, ta sa aka kwance sarƙoƙin, aka kwashe manyan akwatunan, ta jera wasu 'yan mitsi-mitsi a madadinsu, kowanne bai fi sabulun wanki ba. Mutuminmu yana tsaye riƙe da sarƙa, ya rasa abin da zai ɗaure.

Jannatu ta tara ma'aikata ta yi musu bayani. Ta ce daga yau kwamfutar kowa ba a teburinsa take ba. Tana can wani ƙaton gida a ƙetaren teku, cike da injuna, kullum cikin sanyi, inda kamfanoni ke kama haya kamar yadda fatake ke kama ɗaki. Wannan ɗan akwatin taga ce kawai, ka leƙa ka ga taka, hannunka a nan aikin a can. Ba mai buɗe tagar sai ya sa kalmar sirri, sannan a turo wata lamba a wayarsa ya shigar. Ita kuma daga inda take tana iya yi wa mutum sabuwa, ta gyara, ko ta rufe wa wanda ta ga dama. Ta kira abin da wani suna na Turanci, ni ban riƙe ba, shi ma bai riƙe ba. Kowa ya gyaɗa kai, ban da maigadi.

"Hajiya, wa ye mai masaukin nasu?"

"Kamfani ne, Malam."

"Ɗan wa ne? An san gidansu?"

Ta ce ba mutum ɗaya ba ne. Ya tambaya ta wace ƙofa suka fita bai gani ba, alhali yana nan zaune. Ta nuna masa wata siririyar waya da ta bi bango. Ya dubi wayar, ya tuna girman mai gurnanin. Can ya ce a wane ɗaki aka sauke su. Ta ce babu takamaiman ɗaki, yau suna kan wannan injin gobe kan wancan, tare da na mutanen duniya. Nan maigadi ya zabura.

"Tare da na wasu? An yi musu shaida? Hajiya, buhun albasa ma sai an rubuta masa suna kafin a haɗa shi da na jama'a."

Ta rantse masa kowa da nasa makulli, ba mai ganin na wani. Bai gamsu ba. Ya sami Alhaji ya ce tunda kayanmu na hannun mutum, kyautuwa ya yi a aika masa da goro da gaisuwa, haka ake yi. Alhaji ya kore shi. Sai ya sayi goron da kansa ya ba Jannatu ta tura, ita kuwa ta ba direbanta ya cinye.

Da ta ga zai hana ta aiki da tambayoyi, sai ta nemi hanyar da zai sarara mata. Ta tsayar da shi a jikin bango, ya riƙe gorarsa, ya haɗe rai, ta ɗauke shi hoto ta ɗora a fuskar kowace kwamfuta, a gurbin hoton koriyar tirelar Alhaji da ke wurin. Ta ce ga shi nan ya isa can, yana bakin aiki. Ranar bakinsa har kunne. Ya bi teburi-teburi yana gaisawa da kansa, har ya ga ya fi kwarjini a can.

Washegari aka kunna, sai ga koriyar tirela, babu shi babu alamarsa. Abin da ya faru, Jannatu ta tsara cewa kowace safiya kwamfutocin su dawo sabbi fil kamar an wanke su, takardun aiki kaɗai ke zama, don kada wata cuta ta kwana a ciki. An yi masa wannan bayani har da Faransanci, amma shi ya riga ya gano bakin zaren. Ya ce ba mai korar maigadi daga bakin aiki sai mai mugun nufi. Ya lallaɓi Usaid, akawun ofishin, ya mayar da hoton. Gari ya waye an sake cire shi. Haka suka yi ta yi, a kai shi da safe a kore shi kafin wata safiyar, har ya fara ramewa.

Wata safiya ya je wajen mai shayi a bakin layi, ya tarar da Usaid zaune da burodi a hannu ɗaya waya a ɗaya. Wani mai kwantena ne ya matsa masa da kira, shi ne ya buɗe kwamfutarsa ta ofis a waya yana duba takardun. Mutuminmu ya leƙa ta kafaɗarsa. Ga koriyar tirela, ga takardun Alhaji a jere. Bai yi wata-wata ba ya caɓe ƙugun wandon Usaid ya kurma ihu da Hausa da Faransanci, ɓarawo, voleur.

New Bell kuwa ba a kiran wannan suna sau biyu. Kan ka ce kwabo 'yan bensikin sun ajiye fasinjoji a tsakiyar titi, mai tuyar makala, fanken Duwala, ta taso da matsaminta, wani tela ya zo ya kai duka sannan ya tambayi me aka sata. Aka ɗunguma zuwa ofis, Usaid ba takalmi ɗaya ba hannun riga ɗaya, maigadi a gaba riƙe da wayar da hannu bibbiyu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwanon manja, kada kwamfutar ta zube.

Alhaji ya saurari ƙarar har ƙarshe. Ya zaro tasa wayar daga aljihu, ya latsa, ya juyo masa da ita. Ga koriyar tirela. Mutumin ya ja da baya, idonsa ya kawo ruwa.

"Alhaji, har da kai?"

Da ƙyar aka sallami jama'a, aka ba Usaid haƙuri da sabuwar riga. Aka sake kiran Jannatu. Ta ɗaga ɗan akwatin a gaban kowa, ta girgiza shi, ta ce ba a nan kaya suke ba, ba kuma a waya ba, duk leƙe ne ake yi. Ta ce wannan fanko ne, ko ɓarawo ya kwashe su duka bai ɗauki komai ba. Maganar ta yi wa Alhaji daɗi ƙwarai, ya riƙa maimaita ta ga duk baƙon da ya shigo, yana dukan tebur. Maigadi yana bakin ƙofa yana ji, har ya haddace. Aka kuma ja masa kunne cewa jirgin ƙasa na nan bai fasa tashi ba.

Shi kuwa abin da ya ɗauka daga rigimar daban ne. Gidan da yaro zai zauna wajen mai shayi ya jawo kaya daga cikinsa, mai gidan bai ko yi tari ba, wannan ba gida ba ne. Ga kuma Alhaji, da yatsa ɗaya yake buga kalmar sirrinsa yana faɗinta da ƙarfi, sunan mahaifiyarsa da lambar tirela, har mai shayi ya iya. Jannatu ta yi faɗan ta gaji, ƙarshe ta sa shi ya rantse cewa lambar da ake turo masa a waya ba zai karanta wa kowa ba. Maigadi ya auna ya ga lalle wata rana za a wayi gari ɗaya ta ɓace a can, shi kuma a ɗora shi a jirgi a nan. Mafita guda ce, a dawo da su gida inda sarƙarsa za ta kai. Amma wa zai ɗauko su, bai sani ba.

Ranar wata Juma'a kowa ya tafi masallaci, aka bar shi da ofis. Yana zaune bayan kabad yana cin burodi da wake, sai ya ji motsi ta ƙofar baya, wajen kwata. Wani siririn mutum ya shigo, ya bar pus-pus ɗinsa a lungu, amalanken da ake turawa da hannu ke nan, ya fara cire wayoyi yana tara 'yan akwatunan a hammata. Maigadi ya zuba masa ido. Dariya ta taso masa, ya danne, ta ƙi dannuwa, har wake ya sarƙe shi. Ɓarawo ya juyo a firgice yana neman hanyar gudu.

"Sannu da aiki," in ji maigadi yana share hawaye. "Ba hana ka zan yi ba. Amma ni cikin 'yan kasuwa na tashi, ba ma barin mutum ya ɗauki kaya ba a faɗa masa aibinsu ba. Waɗannan fanko ne. Ko ka kwashe su duka ba ka ɗauki komai ba."

Ɓarawo ya kai ɗaya kunne ya girgiza, bai ji komai ba. Ya zauna a bakin tebur, ya shiga ƙorafi da Hausarsa ta kasuwa, wai haya ya ɗauko pus-pus, ga takalminsa ya tsinke wajen haura katanga, zamani ya lalace, masu kuɗi sun koma ajiye fanko. Tausayi ya kama maigadi, ya gutsura masa rabin burodin. Suna ci ya tambaye shi ko ya daɗe a sana'ar. Ɓarawo ya ce massa, wato maigida, a unguwar Bonanjo kaf babu ofishin da bai san cikinsa ba, har masu karnuka. Nan take wani tunani ya faɗo wa mutuminmu, har ya ajiye burodi.

"Gidan da ke ƙetaren teku fa, inda ake ajiye kwamfutocin mutane, za ka iya shiga ka ɗebo mana namu?"

Ɓarawo ya dube shi tun daga hula har silifa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, wannan ai ƙaramin aiki ne."

Maigadi ya ce a fara gwadawa ta taga, ko za a huta da tafiya. Ya mayar da akwatin Alhaji ya kunna, ya buga kalmar sirri da yatsa ɗaya yana faɗinta da ƙarfi, don a zatonsa muryar ma tana cikin makullin. Allo ya nemi lamba. Ya ce ɓarawo ya ɗan jira, ya ɗauko wayarsa ya kira Alhaji, wanda a lokacin an idar da salla yana neman takalminsa a cikin na jama'a.

"Alhaji, an turo maka wata lamba yanzu. Karanto mana."

"Mana? Kai da wa?"

"Ni da wani ɓarawo. Amma kwantar da hankalinka, namu ne, aiki zai yi mana."

Sai aka ji ƙarar gudu da haki a wayar, sannan ta katse. Maigadi ya juyo da fara'a ya shaida wa baƙonsa cewa Alhaji na tafe da kansa su gaisa. Ɓarawo ya miƙe zumbur ya ce a'a, kada a wahalar da babban mutum, shi dama aikin taga ba ya masa daɗi, ya fi son ya je da ƙafarsa. Ya san hanya, ta gadar Bonaberi ake bi, in ya tashi yanzu zai dawo kafin magariba. Sai dai matsala guda, in ya ɗebo su a me zai zubo su.

Maigadi ya dafe goshi, ya ce wallahi shi ya sa ake son aiki da gwani. Da hannunsa ya kwashe akwatunan ya jera a pus-pus. Ya ƙara da allunan, don mutumin ya riƙa haɗawa yana dubawa, duk wadda ya ga koriyar tirela tamu ce, kada ya ɗebo na bayin Allah. Ya ɗora fanka, tunda sun saba da sanyi kada zafin Duwala ya buge su a hanya. Ɓarawo ya ce ba daɗi a shiga gidan mutum hannu rabbana, ko da sata aka je, ya kamata a riƙa wa mai masauki wani abu. Maigadi ya kusa rungume shi, ya ce tun da aka fara wannan magana yau ne ya haɗu da mai tarbiyya. Ya ɗauko kujerar Alhaji mai juyawa ya ɗora a sama, ya soke goro biyu a gefe, ya kawo sarƙarsa ya ɗaure kayan tamau. Taya ta maƙale a taɓo, ya tura masa har bakin titi, ya daka wa 'yan bensikin tsawa su ba ɗan aiken Alhaji hanya. Bai dawo ba sai da ya ga ya sha kwana.

Ya dawo ke nan sai ga Alhaji ya faɗo ofis, takalmin dama nasa na hagu na wani, Usaid a bayansa, Jannatu kuma, da Alhaji ya kira, ta diro daga bensikin tana latse-latsen waya. Tun a hanya ta rufe ƙofar Alhaji ta can, ta sauya kalmar sirri. Ofis ya yi fayau, teburori sai igiyoyin waya suna lilo. Alhaji ya ja baya zai zauna inda ya saba, sai ji ya yi ya kai ƙasa.

Daga nan ƙasan ya saurari bayani. Maigadi ya jero shi dalla-dalla, cike da alfahari, har da batun goro. Ya ce in Allah ya yarda kafin magariba kaya na gida. Usaid ya juya wa jama'a baya kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya zuba wa maigadi ido. Da maigadi ya ga fuskar ba ta godiya ba ce, sai ya sha jinin jikinsa, ya juya wajen Jannatu.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, ko ɗaya ta ɓace?"

Ta duba wayarta, ta ce gaskiya duk suna nan, ko takarda guda ba ta yi ciwon kai ba.

"To Alhaji ka ji. Sharaɗi dai bai karye ba."

Alhaji ya dafa bango ya miƙe. Murya ƙasa-ƙasa ya ce ko Mariam za ta yi kukan jini, ko za ta daina girki har abada, yau ɗin nan sai jirgi, kuma shi da kansa zai tsaya a tasha ya ga tashinsa. Mutuminmu ya tuna tsohuwarsa da hoton kwat, ya dubi teburorin da ba komai a kansu. Can sai fuskarsa ta washe, ya gyara hula, ya ɗauko gorarsa ya je ya tsaya a jikin bango.

"Ba komai, Alhaji. Su da ke ƙetaren teku ma aikinsu bai tsaya ba, ni ma daga Ngaoundéré zan ci gaba da gadin. Hajiya, ɗauke ni sabon hoto kafin jirgin ya tashi."